Kwana Arba'in da Biyu Muna Jiran Waya Ta Haɗe

Litinin, 6:50 na safe. Rana ta 1

Yau za a haɗa na'urarmu Randa da layin wuta. Na riga agogo tashi, na goge riga har sau biyu, sannan na tuna rigar aiki za a ɗora a kanta, babu mai ganin gugar.

Na sayi littafin nan don rubuta ma'aunin sanyi. Ga shafin farko ya tafi a kan riga.

Litinin, 5:30 na yamma

An haɗa! Ƙarfe goma sha ɗaya da minti takwas injiniyan kamfanin wuta ya ja makunni, fitila ta yi kore, wutar unguwa guda ta ratsa cikin abin da na naɗe da hannuna. Shekara shida. Farfesa, shugaban aikinmu, ya cire hular kwano, ya mayar, ya sake cirewa. Sarkin Sanyi, ma'aikacinmu mai kula da injin sanyaya, ya kafa kunne a jikin tankin, wai yana jin numfashinta. Ni na tsaya da fuskar da ta dace da Dakta.

Da na dawo gida Inna ta ce in sake yi mata bayani, wai na bara ya zube. Na ce Randa tankin ƙarfe ce da ta fi mutum tsayi. A cikinta akwai siririn kintinkiri na ƙarfe, mita ɗari huɗu a naɗe, yana jiƙe cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri ɗari da casa'in da shida ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi wuta tana bi ta cikinsa ba ya tare ta ko kaɗan, kamar ba ya nan. Amma ranar da wayoyi suka haɗe a kan layi, wuta ta yi ambaliya ta taso za ta ƙone taransifoma, sai ya canja hali nan take, ya ƙi ba ta hanya, ya karya mata ƙarfi tun kafin bireka ta farga ta katse. Ba wanda yake danna masa komai. Halinsa ne. In abin ya wuce, ya huce, ya koma yadda yake.

Inna ta ce ashe dai mai gadi muka ƙera muka sa shi a firij. Na yi shekara shida ina neman jimlar da zan faɗa wa kwamitoci, ta same ta tana yanka albasa.

Sharaɗin kamfani ɗaya ne. Sun ba mu kwana arba'in da biyu a ƙaramar tasharsu. Idan aka samu haɗewar waya ta gaske, ba ta ɗakin gwaji ba, na'urar rikodi ta nuna Randa ta tare, za ta zauna, a ƙera wasu uku. Idan ba a samu ba, su kwance ta su mayar mana, kuma jami'a ta riga ta aiko mutum ya auna ɗakin gwajinmu don a mai da shi aji.

Ba na fargaba. Mun zaɓi Layi na Tara, wanda ya fi kowane layi lalacewa a garin. Bara sau sittin da ɗaya wayarsa ta haɗe. Na karanta tarihinsa kamar wasiƙar masoyi.

Laraba, 1:15 na rana. Rana ta 3

Sanyi daidai. Na haɗa na'urar rikodi da wayata, in abin ya faru za ta yi ƙara irin ta motar asibiti. Na gwada ta a falo, Baban yara ya zubar da shayi a wando. Ya ce in dai haka za a yi kwana arba'in, shi ma a nema masa tanki.

A lissafina nan da Asabar.

Asabar, 6:00 na yamma. Rana ta 6

Lissafi ba alkawari ba ne.

Laraba, 7:20 na safe. Rana ta 10

Na ce wa Inna ta sa mu a addu'a. Ta tambayi me za ta roƙa, na faɗa mata. Ta ajiye carbi.

"Shekara arba'in ina roƙon a kawo wuta, yau 'yar cikina ta ce in roƙi ta lalace. Wannan wane irin boko ne?"

Ta ce za ta roƙa mini abin da ya fi alheri. A wurin Inna wannan yana nufin a'a.

Mun zama mutanen banza, na yarda. Jiya mu uku muka tsaya a bakin tasha muna kallon wani ƙaton tsuntsu a kan falwaya, Sarkin Sanyi yana lallashinsa ya buɗe fiffike. Farfesa, mai littafi biyu da lambar yabo, ya ce matsa hagu kaɗan. Tsuntsun ya dube mu ya tashi.

Asabar, 4:45 na yamma. Rana ta 13

Na kasa zama, na ɗauki mota na bi layin daga farko har ƙarshe, kilomita goma sha huɗu. A hotunan da muka ɗauka bara, wayoyin suna ratsa cikin bishiyoyi, wasu sun saki har babbar mota tana shafarsu. Yau ban ga ganye ɗaya kusa da waya ba. An yi wa kowace bishiya aski. Kofunan tangaran da ke riƙe wayoyi sababbi fil, suna ƙyalli. Wayoyin a miƙe kamar an ja su da rula.

Ban taɓa ganin layi mai kyau irin wannan ba. Na tsaya a gefen hanya na kashe mota, na ɗora goshi a kan sitiyari.

Litinin, 2:30 na rana. Rana ta 15

Na je ofishin masu gyaran layi na nemi shugabansu. Baba Falwaya suke ce masa, don shekara talatin da huɗu yana hawa har sunan ya bi shi. Gajeren dattijo ne mai farin gemu, hannun rigarsa a ɓalle har wuyan hannu duk da zafin da ake yi.

Da na ambaci Layi na Tara fuskarsa ta washe. Ya ce tun ranar da ya ji masana za su kawo na'ura mai daraja su ɗora a layinsa hankalinsa ya tashi, don layin ne ake masa dariya da shi a kowane taro. Sai ya tara mutanensa, sati uku babu Asabar babu Lahadi. Sun sare kowane reshe, sun canja kofuna saba'in da biyu, sun ɗaure duk wayar da ta saki, har sheƙar tsuntsaye sun sauke. Ba wanda ya sa shi.

"Ranki ya daɗe, ba za a ce baƙi sun zo layina sun ji kunya ba," in ji shi. "In Allah ya yarda ko ƙyaftawa ba za ki gani ba."

Na ce na gode. Wallahi na ce na gode, har na ƙara da Allah ya saka.

Mun rubuta wa kamfani shafi tamanin a kan abin da Randa take yi. Ba mu rubuta layi ɗaya ga mutumin da ke kula da wayar ba.

Laraba, 3:00 na rana. Rana ta 17

Farfesa ya nemi a ƙara mana kwanaki, ko a mai da mu Layi na Takwas. Sun ce a'a cikin shafi biyu. Sun kuma taya mu murna, wai tun da aka haɗa na'urarmu layin bai taɓa samun matsala ba.

Asabar, 5:10 na yamma. Rana ta 20

Hadari! Tun azahar gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe wankin Inna ta kai gidan maƙwabta. Sarkin Sanyi ya bugo yana dariya, ya ce Dakta yau ce, ki ji yadda kwano yake kuka. Na tsaya a taga da waya a hannu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Duk tsawar da aka yi sai in ce sake ɗaya.

Layi na Uku ya faɗi. Na Huɗu ya faɗi. Na Bakwai, na Goma sha ɗaya. Namu na gida ya tafi, Baban yara yana neman ashana. Daga tagar sama ina hango unguwa ɗaya tak tana haske cikin ruwa, ba sai na faɗi wace ce ba.

Baba Falwaya ya san aikinsa. Wannan dai ba ni da shakka.

Talata, 8:00 na safe. Rana ta 23

Sanyi daidai. Komai daidai. Na gaji da daidai.

Alhamis, 6:15 na yamma. Rana ta 25

Sarkin Sanyi ba ya iya riƙe magana. Sun haɗu da Baba Falwaya wurin shan shayi, ya kwance masa komai. Yau dattijon ya zo tasha da hula a hannu, ya tsaya daga nesa kamar mai zuwa gaisuwar rasuwa. Ya ce shi ya ɗauka gyara ya yi, ashe ɓarna ya yi. Na ce bai yi ɓarna ba, mu ne ba mu yi magana ba. Bai yarda ba.

Don in raba shi da wannan fuska, na ɗebo ruwan naitirojin a kofi, na tsoma guntun roba na ba shi ya buga a ƙasa. Ta tarwatse kamar gilashi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a sake. Muka sake sau huɗu. Daga nan na zana masa a bayan ambulan yadda wuta take tasowa da inda kintinkirin yake tare ta. Na manta daɗin yi wa mutum bayani yana fahimta kafin in gama. Ya riga ni faɗin ƙarshen.

Sai ya ɓalle hannun riga ya naɗe. Daga wuyan hannu har gwiwa fatar ta narke ta daskare. Ya ce shekara goma sha tara ke nan. Suna cikin ɗakin makunnai waya ta haɗe can nesa, akwatin ya fashe a gabansu. Su biyu ne a ɗakin. Bai faɗi labarin na biyun ba, ni ma ban tambaya ba.

"Da wannan tana nan fa?"

Na ce da wutar da ta iso gare su ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ya sauke hannun rigar, ya ɓalle maɓalli a hankali, ya daɗe yana kallon Randa.

Laraba, 11:40 na safe. Rana ta 31

An ji ƙara a tasha, na zubar da takardu na ruga a guje da takalmi ɗaya. Layi na Takwas ne. Taku goma sha biyu daga namu. Na ƙirga.

Mutumin jami'a ya dawo, wannan karon da mai fenti.

Juma'a, 4:30 na yamma. Rana ta 33

Baba Falwaya ya rako ni har mota. Ya yi maganar zafi, ya yi maganar tayata ta baya da iskarta ta ragu. Sai ya ce akwai wani wuri a kan layin, bayan tsohon sito, inda babu gida babu mai wucewa. Ya ce ɗanyen reshe abin mamaki ne, in ya kwanta a kan wayoyi biyu. Ya faɗa kamar mai ba da labarin yanayi.

Ban ce komai ba.

Asabar, 9:00 na safe. Rana ta 34

Ina so ya zauna a rubuce: ban ce masa ya yi komai ba.

Litinin, 12:20 na rana. Rana ta 36

Saura kwana shida. Na goge allon na'urar rikodi, na gwada batirinta sau uku.

Ranar Juma'a Baba Falwaya ya yi mini tambaya ɗaya kafin in rufe ƙofar mota. Wace rana ce Randa ta fi lafiya? Tambayar aiki ce, na ba da amsar aiki. Ana ƙara mata ruwan naitirojin ran Talata da yamma, saboda haka Laraba da hantsi tana cike, sanyinta ya zauna. Kowa ya san wannan.

To, ni da Sarkin Sanyi mun sani.

Talata, 6:40 na yamma. Rana ta 37

An cika tanki. Na ce wa Sarkin Sanyi ya ƙara kaɗan, ya dube ni bai tambaya ba. Inna ta ce yau na yi wa miya kyautar gishiri.

Laraba, 10:50 na safe. Rana ta 38

Ta tare! Ta tare!

10:14. Ƙara ta tashi a aljihuna da kan tebur lokaci ɗaya. Randa ta yi wani gurnani daga ciki, farin tururi ya fito ta bututun sama, shi ke nan. Shi ke nan fa. Babu fashewa, babu wari.

Na buɗe zanen. Layin wuta ya miƙe sama kamar bango, a lissafi zai kai amfiya dubu goma sha takwas. A dubu shida da ɗari biyu ya lanƙwashe, kamar an dafa masa kafaɗa aka ce zauna. Cikin kashi huɗu na dubu na daƙiƙa. Bireka ba ta farga ba sai can daga baya, ta zo ta tarar an gama faɗa. Kafin minti biyu kintinkirin ya huce ya koma kamar bai san an yi ba. Ko tabo babu.

Farfesa ya zauna a ƙasa, a kan tsakuwa, da wandon zuwa taro. Sarkin Sanyi ya rungume tankin, aka ɓamɓare shi. Ni na yi kuka, na rubuta a nan don kada in musa.

An mayar da wutar unguwar bayan minti goma sha ɗaya.

Laraba, 7:00 na yamma

Na buga zanen a takarda na kafa a jikin firij. Inna ta sa tabarau ta duba, ta ce wannan lanƙwasar ce shekara shida? Na ce ita ce. Ta ce ta yi kyau. Baban yara ya sayo lemo.

Duk wanda ya wuce kicin sai na tsayar da shi. Dubi nan. Dubi yadda ta juya.

Ban kira kowa ba. Ba wanda ya kira ni.

Alhamis, 3:20 na rana. Rana ta 39

Kamfani yana da mai binciken haɗurra, wata doguwar mata da ake kira Madam Ƙa'ida a bayan idonta. Yau ta shigo ofishinmu na tasha, direbanta yana biye da ita da reshe a kafaɗa. Ta sa aka ɗora shi a kan teburina, a kan takarduna. Rabinsa ya ƙone. Gindinsa sumul, kuma akwai guntun igiya a ɗaure.

"Dakta, ke ce mai ilimi," in ji ta. "Wace irin iska ce take yawo da zarto?"

Na ce fannina sanyi ne.

Ba ta yi dariya ba. Ta shimfiɗa taswirar layin, ta ɗora yatsa a kilomita na tara. Akwai ƙaramin asibiti a nan. Jiya da ƙarfe goma suna tsakiyar yi wa wata mata aiki wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi. Sun ci gaba da fitilun wayoyinsu har aka kawo. Matar tana da rai, ɗanta ma. Ta faɗi wannan sau ɗaya, ta naɗe taswira.

Ni na zana taswirar. Da jan biro na sa wa asibitin alama, bara.

Juma'a, 1:00 na rana. Rana ta 40

Baba Falwaya ya rubuta takarda da hannunsa. Shi ya sare, shi ya ɗaura, shi ya jefa. Babu wanda ya sani, babu wanda ya sa shi. Za a kore shi, saura wata takwas ya yi ritaya.

Farfesa ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce ya yi magana da manya. Wuta ba ta san wa ya jefa reshe ba, zanen zane ne, kuma suna son su karɓa. Sai dai akwai sakin layi a yarjejeniya: in aka samu hannun masu bincike a ciki, gwajin ya rushe gaba ɗaya. Ran Litinin za a zauna. Bai tambaye ni komai ba, ya kuma yi ƙoƙari sosai kada ya tambaya.

"Babu wanda zai tambaye ki, Dakta. Ki zo ki nuna zane ki zauna."

Ashe abin da ake so in yi, na riga na ƙware a kansa.

Asabar, 8:30 na safe. Rana ta 41

Randa uku. Na zauna na zana inda za a sa su. Ɗaya a tashar arewa, inda taransifoma biyu suka ƙone bara. Na san yadda zan rage tsawon kintinkirin, na san yadda zan gyara bututun tururi. Kaina cike yake, abubuwa suna zuwa da gudu, ban taɓa jin na iya aikina kamar yau ba.

Mutane nawa ne ke shiga ɗakin makunnai kowace rana? Wannan ma lissafi ne. Na yi shi sau biyu, ya fito daidai, kuma bai taimaka ba.

Lahadi, 5:45 na yamma. Rana ta 42

Inna ta ce na samu abin da nake so, me ya sa nake tauna burodi kamar takarda? Na faɗa mata duka, har da Talata da Laraba. Na yi mata bayanin cewa ban ce ya yi ba. Na yi bayanin da kyau, da tsari, kamar a gaban kwamiti.

Ta gama ninke zanin da ke hannunta tukuna.

"Shi ya hau, ke kika riƙe masa tsani. Yanzu kuma za ki ɗauke tsanin ki tafi da shi gida."

Na ce Inna mutane za su amfana, ɗaruruwa. Ta ce ita ba ta san ɗaruruwa ba, dattijo ɗaya aka ba ta labari. Ta tashi ta tafi alwala.

Yau kwanakin suka cika. Na ɗauka zan yi biki.

Litinin, 4:10 na yamma. Rana ta 43

Mutum tara a dogon tebur, da ruwan roba a gaban kowa. Baba Falwaya a kujera ta ƙarshe, kusa da ƙofa. Na nuna zanen. Na nuna shi da kyau, har wani babba ya ce a koma baya ya sake ganin lanƙwasar. Na koma. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shugaban zaman ya yi godiya, ya ce in zauna.

Ban zauna ba. Na ce akwai abu ɗaya da ba ya cikin zanen. Na ce ranar Juma'a Baba Falwaya ya faɗa mini wurin, ban hana ba, kuma ni na ba shi rana da lokaci, na kuma san da asibitin.

Baba Falwaya ya miƙe ya ce ƙarya nake, yarinya ce, ruɗewa ta yi. Madam Ƙa'ida ta ce ya zauna. Ta tambaye shi yadda aka yi mai hawa falwaya ya san ranar cika tanki. Ya koma ya zauna. Farfesa yana karanta rubutun jikin robar ruwa.

An rushe gwajin. Za a kwance Randa jibi. Maganata ta tafi kwamitin ladabtarwa na jami'a. Baba Falwaya kuma, tun da ba shi kaɗai ba ne, kuma mai digiri uku ce ta sa masa rana, an dakatar da shi wata uku an sauke shi daga shugabanci. Ba a kore shi ba.

A baranda Madam Ƙa'ida ta tsayar da ni. Na shirya jin wa'azi. Ta tambaya ko lambobin nan gaskiya ne, dubu shida da ɗari biyu. Na ce gaskiya ne. Ta ce in bar mata kwafi, ta wuce.

Laraba, 2:00 na rana. Rana ta 45

An cire wayoyin da safe. Saura kashe injin sanyaya. Sarkin Sanyi ya ce shi ba zai iya ba, ya tafi neman abin da bai ɓata ba a mota. Ni na danna. Za ta yi kwana uku kafin ta ɗumama.

Farfesa ya aiko saƙo ta bakin sakatariya. Ofishinsa yana kallon nawa.

Ina naɗe igiyoyi na hango mutum a bayan shingen waya, cikin kayan gida. Baba Falwaya ne, an hana shi shiga. Na je. Bai amsa gaisuwata ba.

"Wa ya aike ki? Na riga na gama magana. Na zubar da aikina don tukunyar nan ta zauna, kin zo kin zubar da ita ma. Yanzu me aka yi ke nan?"

Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce masu boko ba su da dabara. Na ce haka ne.

Sai na tuna shi kaɗai ne bai ga zanen da kyau ba, don daga kujerar ƙofa allo ba ya ganuwa. Na ciro takardar daga jaka na naɗe, na tura ta ramin shinge. Ya buɗe, ya nesanta ta da idonsa, ya bi layin da ɗan yatsa har inda ya juya.

"Nan ne?"

"Nan ne."

Ya daɗe a wurin. Ya tambaya ko zai iya tafiya da ita, na ce tasa ce. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Ya ce har yanzu bai yafe mini ba, kuma in duba tayata ta baya.

Alhamis, 9:15 na safe. Rana ta 46

Kwamiti sai wani sati. Mai fenti zai fara ran Litinin, saboda haka ina da tebur na kwana huɗu, kuma na fara rubuta rahoton don mujallar masana. Yana zuwa da sauri, shafi biyar tun safe. Abin da kintinkirin ya yi, ya yi, kuma akwai masu irin aikinmu a wasu wurare da za su so su gani.

Akwai gurbin da ake rubuta abin da ya jawo haɗewar waya. Na rubuta: ɗanyen reshe, an jefa da gangan, da sanin mai wannan rahoto, a kan layin da ke ba asibiti wuta. Kada a maimaita.

Farfesa zai ce a cire, in ya dawo yi mini magana. Ba zan cire ba. Zanen kuwa na sa shi a shafin farko, babba.